Mis Tasnim da Awar Asabar

Duk makarantar 'yan mata ta unguwarmu a Khushab babu malamar da ta hana ni sakat kamar Tasnim Kausar. Bango ɗaya ne tsakanin ajinta da nawa. Ni lissafi nake koyarwa, aikin da ke son shiru. Ita kuwa Turanci, kuma a ganinta ajin da ba a jiyo hayaniyarsa daga bakin titi, to malamarsa ba ta da lafiya. Ina tsakiyar rubutu a allo sai in ji bango ya ɗauki "Wah! Wah! A maimaita!" har alli ya karye a hannuna. In leƙa in kira ta yadda muke kiran babbar yaya, in ce, "Baji, don Allah, nan ma mutane ne." Sai ta dafe ƙirji ta ce, "Farhat, da kin ji abin da yarinyar nan ta faɗa yanzu, da kin yar da allin nan kin shigo." Duk da haka tare muke cin abincin rana tun ina sabuwar malama, kuma ba na yarda kowa ya taɓa ta sai ni.

Haukan nan a gida ta gaje shi. Mahaifinta tela ne a kasuwar tufafi, mutumin da zai bar wandonka da ƙafa ɗaya in ya ji an zo da sabon baiti. Lokacin zafi a saman soronsu mawaƙan gari ke taruwa bayan la'asar, ana karatu ana shan shayi. Ka'idar irin wannan zama ko yaro ya san ta: baiti in ya taɓa ka ba ka jira a gama, ɗaga hannu za ka yi ka ce wah, a maimaita, shi kuma mai karatu ya kai hannu goshi ya yi godiya, ya sake faɗa. Wanda aka ce ya maimaita ya yi gaba abinsa, ya raina mutane ke nan, ba a sake gayyatarsa. Mata ba sa hawa soron. Tasnim a kan matakala ta yi ƙuruciyarta, tana haddace abin da ke zubowa daga sama, tana faɗin wah ɗinta ƙasa-ƙasa don kada a kore ta.

Da ta tafi kwaleji a Sargodha ta ɗauki Turanci, kowa ya zaci ta rabu da waƙa. Ina! Dawowa ta yi tana ba mahaifinta labari, ido na ƙyalli, wai ashe su ma Turawa sun san dabarun nan kaf. Su ma suna jera abu uku su ajiye mai nauyin a ƙarshe, suna buɗe jimla bayan jimla da kalma ɗaya, suna yin tambayar da ba amsa ake nema ba, suna zaunar da fari kusa da baƙi don kowanne ya fito. Har suna suka raɗa wa kowace dabara. Ba ta taɓa wuce Lahore ba, ba ta taɓa magana da Bature ido da ido ba, amma in tana zancen marubutansu sai ka rantse maƙwabtanta ne masu zuwa aron gishiri. Mijinta Bashir mai gonar lemo ne, mutumin kirki, ba ya magana sai ta kama dole. Mu dai a ɗakin malamai mun yanke cewa rabonsa na surutu ita aka haɗa wa.

Awar ƙarshe ta ranar Asabar ita ce ranta. 'Yan ajin ƙarshe ke yin ta. Yarinya ta tsaya ta yi jawabi da Turanci, ko ta karanta wani yanki daga littafi, sauran su saurara, kuma an ba su izinin ihu. Sai dai da sharaɗi: duk wadda ta ce wah, tashi za ta yi ta faɗi dalili. Ta bango nake jin yadda ake yi.

"Ya yi daɗi, Mis," wata za ta ce.

"Alewar jalebi ma tana da daɗi. Me jimlar ta yi miki? Kanki ta kama, ko zuciyarki, ko kuwa yarda kika yi da mai maganar don kin ga ba maƙaryaciya ba ce? Me ya sa kalmar nan ta zo ƙarshe? Mayar da ita farko mu ji. Kin ji yadda ta mutu? Yauwa. Zauna, kin ci wah ɗinki."

Da wannan yaran da suka shigo ba sa iya tambayar hanya da Turanci suke fita suna kwance jimla suna ɗaure ta kamar masu gyaran keken ɗinki. Abu ɗaya ne ba su taɓa kawowa gida ba, kofi. Duk shekara ana gasar muhawara da Turanci a Sargodha, makarantun maza da na mata a haɗe, kuma duk shekara kofin na tafiya gun yaran da malamai suka rubuta wa jawabi suka haddace, har da inda za a daki tebur. Tasnim ba ta rubuta wa yarinya ko layi ɗaya. In an yi mata magana sai ta ce, "Aku aka ba ni kiwo?"

Ana cikin haka aka kawo mana sabuwar shugaba, Madam Nighat. Mace ce mai gaskiya, ba ta da wasa, sakamakon jarrabawa kaɗai idonta ke gani. Ta duba na lissafi ta ga jan biro ya yi yawa. Ni kuwa na daɗe ina neman a ba ni awar Asabar, ban taɓa ɓoyewa ba, a gaban Tasnim nake faɗa, domin yarinyar da za ta faɗi lissafi ba wah ce za ta fitar da ita ba. Madam ta kira mu ofis mu biyu.

"Tasnim, tun yaushe kike wannan hayaniyar ta Asabar?"

"Tun Farhat na ɗaure gashi da ribon, Madam."

"Kofi nawa kika kawo?"

"Babu, Madam. Amma yaran..."

"Yaran suna faɗuwa lissafi. Magana ɗaya ce. Gasar Sargodha wata mai zuwa ne. In kin kawo kofi, awa taki ce, ba ni sake tayar da zancen. In babu, daga Asabar ɗin da ta biyo baya Farhat ce."

Na zaci za ta yi fushi da ni. Muna fitowa ta cafki hannuna tana girgizawa kamar an yi mata albishir.

"Farhat! Bana za mu ci! Wallahi bana za mu ci!"

"Da wa, Baji?"

"Da Zunaira!"

Na ce inna lillahi. Zunaira 'yar direban motar gishiri ce, guntuwa, bakinta ya fi ta girma. Ita ce ta taɓa tambayata a gaban aji ko ni kaina na taɓa amfani da abin da nake koya musu wajen cinikin tumatir.

Batun gasar ya zo: Turanci ya zama harshenmu, ba baƙo ba ne. Zunaira aka ba ɓangaren masu goyon baya. Yadda Tasnim ke gina jawabi kuwa faɗa ne zalla. Sai ta koma ɓangaren adawa ta yi ta tsokanar yarinya har ranta ya ɓaci.

"Harshenki? Ke wa? Harshen waɗanda suka mulki kakanki ne, marar zuciya! Ji yadda kike furta shi ma, kamar kina tauna rake."

Zunaira ta ƙulu ta mayar da martani, wani a banza, wani da ma'ana. Da mai ma'ana ya fito sai Tasnim ta daka tsalle ta tafa. "Wannan! Riƙe shi, kada ya gudu! To yanzu gaya mini me ya sa ya yi zafi." Haka suka yi ta yi lokacin tara da bayan tashi, har jawabi ya tsaya da ƙafarsa, kuma kowace kalma a ciki ta yarinyar ce.

Saura matsalar lokaci. Ƙararrawa biyu ake kaɗawa a gasar. Ta farko gargaɗi ce. Ta biyu in ta same ki kina magana an cire ki daga lissafi, ko zinariya ke fita daga bakinki. Tasnim ba ta iya riƙe agogo ba, da yarinya ta buɗe baki sai ta manta yana hannunta. Ni ta jawo.

Na ce, "Baji, kin dai san in kun faɗi ni ke da riba?"

Ta ce, "Shi ya sa na san ba za ki yi mini alfarma ba. Riƙe."

Na riƙe. Na sa aka datse nan, aka datse can, Tasnim na kuka da kowace jimla kamar ana yanke mata yatsa. A ƙarshe jawabin ya shiga tsakanin ƙararrawa da ƙyar, abin da ya rage bai wuce numfashi biyu ba. Na gaya musu ƙarara cewa ko tari Zunaira ta yi, to ta yi shi a gaggauce.

Ranar gasa muka cika bas, 'yan ajin duka, da ni, da Madam Nighat a kujerar gaba. Tun kafin mu haye gadar Jhelum Tasnim ta miƙe tsakiyar mota tana riƙe da ƙarfe.

"Ku saurara, 'yan banza. Can ba ajina ba ne. Duk wadda ta buɗe baki ta ce wah a zauren nan, wallahi a Sargodha zan bar ta, ta auri mai sayar da lemo."

"Mis, ai ke ma mai lemo kika aura!"

Mota ta kaure da dariya, har direba.

"Mis, ke fa? Wa zai riƙe ki?"

Ta naɗe bakin gyalenta ta cusa tsakanin haƙora ta cije. Da hannu ta nuna musu cewa ga maganinta.

Zauren ya cika maƙil. Maza a dama, mata a hagu, alƙalai uku a gaba, gefensu wani siririn malami riƙe da ƙararrawa yana kallon agogo kamar shi ya ƙera shi. Madam ta wuce zuwa layin manyan baƙi. Yara suka yi ta hawa suna sauka. Wanda ya gabaci Zunaira dogon yaro ne da kwat, daga wata makarantar kuɗi, shi ke adawa. Ya zazzago sunayen manyan mutane, ya daki tebur inda aka ce ya daka, ya ce Turanci baƙo ne da ya shigo da bindiga ya ƙi tafiya, ya gama daidai kan ƙararrawa. Aka tafa masa tafin ladabi. Gaskiya yaron ya iya, ban ga abin kushewa ba, sai dai ko kalma ɗaya tasa ba ta biyo ni gida ba.

Aka kira Zunaira. Sai da aka sauko mata da lasifika. Wasu samari suka yi dariya. Ta tsaya ta dube su har suka gama, ni kuwa idona na kan agogo yana ta tafiya. Sannan ta fara, a hankali, ba ihu. Da Turanci take yi, amma ga abin da ta ce:

"Ɗan'uwana ya ce baƙo ne. To. Shi muke sa wa ya rubuta mana sunan shago. Shi ke zaune a takardar maganin kakata. Shi ke bayan motar babana yana roƙon a yi hon kafin a wuce. Ku gaya mini, a gidan wa ake aiken baƙo kasuwa?"

Ta tsaya inda aka koya mata ta tsaya. Na waiwaya na ga yaranmu sun toshe baki da tafin hannu, Tasnim ta cije gyale har jijiyar wuyanta ta fito. Sun cika alkawari. Daga can bayan ɓangaren maza ne murya ta taso, ta wani tsoho mai jan gemu, malamin Urdu na wata makarantar maza, wanda bai san mu ba, ba mu san shi ba.

"Wah! Wah, 'yata! A maimaita!"

Kafin in ƙifta ido hannun Zunaira ya kai goshi. Ba tunani ta yi ba. Dattijo ya ce a maimaita, ita kuma shekara guda ke nan duk Asabar abin da take yi ke nan. Ta sake faɗa tun daga farko, har ta fi na farkon daɗi. Zaure ya ɗauki dariya da tafi, samarin da suka yi mata dariya suna dukan benci.

Na duba agogo na yi lissafi a kaina. Na raɗa wa Tasnim, "Numfashi biyun sun tafi, har da bashi. In ta tsallake misalin tsakiya ta yi sauri, za ta sha da ƙyar." Kamar ta ji ni, yarinyar ta tsallake shi da kanta, ta ɗinke wurin yadda ba mai ganewa. Na ji wani daɗi ya kama ni, ni da ya kamata in yi fatan ta faɗi. Na ga alƙalai suna rubutu suna gyaɗa kai. Kofin nan yana hannunmu, na rantse yana hannunmu.

Ƙararrawar farko ta kaɗa. Saura jimlar da aka ajiye don ƙarshe, sai 'yar rufewa. Zunaira ta matso bakin dandamali.

"Da Turanci aka ba kakana umarni. Da Turanci babana ya roƙi aiki. Ni kuwa, ga ni da shi ina yi muku tsiwa. Harshen da nake iya tsiwa da shi, wa zai ce mini ba nawa ba ne?"

Ban taɓa jin zaure ya fashe haka ba. Tsohon ya miƙe, hannu biyu sama. Malamai maza suka miƙe. Samari suka hau benci. Yaranmu suka manta da rantsuwa, suka manta da mai lemo. Ko'ina "A maimaita! A maimaita!" Har yaron mai kwat na gani yana tafi sama da kansa, malaminsa na jan rigarsa. Siririn malamin ya ɗaga ƙararrawa yana kallon agogo.

Wannan karon Zunaira ba ta ɗaga hannu ba. Ta san abin da ke ƙasa. Ta tsaya cak, ta nemo fuskar malamarta a cikin taron.

Na damƙi wuyan hannun Tasnim. "Baji, ce mata ta ci gaba. Layi biyu ya rage. In ta maimaita, awarki ta tafi. Kina ji na? Ta tafi!"

Ta ji ni sarai. Ta dube ni, ta dubi ɓangaren maza, ɗaruruwansu a tsaye suna roƙon 'yar direba daga Khushab ta sake magana. Ta zare gyalen daga bakinta a jiƙe. Ta fizge hannunta ta miƙe, ta ɗaga shi sama har awarwaro suka zubo gwiwar hannu, ta saki muryar da ta danne mazan duka.

"Wah, Zunaira! A maimaita!"

Yarinyar ta kai hannu goshi. Ta sake faɗa a nitse, ba ta haɗiye ko harafi ba. Tana kan zancen babanta ƙararrawa ta biyu ta kaɗa. Ba ta ko waiwaya ba, ta ƙarasa, jama'a na bin ta da baki, ta yi godiya ta sauko. Ni kaina sai a lokacin na lura a tsaye nake, ina ihu tare da su.

Alƙalai ba su yi zalunci ba, ka'ida suka bi. Shugabansu ya yi 'yar magana kan ladabin zaure, cewa nan ba taron waƙa ba ne, ya ba yaron mai kwat kofi. Sunan Zunaira ko a na uku bai fito ba. Amma fita daga zauren sai da ya gagare mu. Malamai suna tare Tasnim suna tambayar wa ya rubuta wa yarinyar, tana cewa, "Ku tambaye ta, ga ta nan, tana da baki." Tsoho mai jan gemu ya dafa kan Zunaira ya sa mata albarka.

A bas yara suka yi ta kwaikwayon mai ƙararrawa, suna rera jimlar da murya iri-iri. Da muka shigo gari Tasnim ta tsayar da direba ta sayo wa kowa alewar dhoda, tana rabawa tana dariya, tana sumbatar wannan tana dungurin waccan. Zunaira kaɗai ta ƙi karɓa. Ta kifa kai a jikin kujera tana kuka.

"Na kashe miki awa, Mis."

"Ke wa? Ji mini yarinya da son girma. Ni na kashe ta, da bakina, Sargodha duka shaida ce. Karɓi ki ci."

Daga kujerar gaba, ba tare da ta waiwayo ba, Madam Nighat ta ce, "Yarinyar ta yi ƙoƙari, Tasnim. Amma maganata tana nan. Daga Asabar, Farhat ce."

"Na sani, Madam."

Tasnim ta dawo kusa da ni ta zauna, ta juya fuska taga. Na samu abin da na daɗe ina nema, yaran kuma suna bukatarsa, har yau ban canja ra'ayi ba, kuma awar ta zauna a hannuna har Tasnim ta yi ritaya. Amma a kujerar nan ji na yi kamar in nutse.

Na ce, "Baji..."

"Kada ki ce komai. Ki dai koya musu da kyau."

Muka iso kwanar unguwarmu. Can ta goge ido da gyale, ta zungure ni da gwiwar hannu, ta matso da baki kunnena don kada Madam ta ji.

"Farhat, kin lura da alƙalin tsakiya? Da take maimaitawa, leɓensa motsi yake. Bin ta yake yi."

Na ce, "Na gani, Baji."